Lafiyar Ɗan Kallo: Ƙirjin Salman Khan da furar Burkusuma

Duk inda samari su ka taru a rumfar mai cajin waya, ko a Burkusuma ne ko a cikin garin Sabon Birni ko Isa, in dai hirar fim ta yi zafi, da wuya a tashi ba a taɓo maganar jiki ba. Wannan ya ce Salman Khan ya fi kowa ƙirji, wancan ya ce ai damtsen Hrithik Roshan ba na wasa ba ne. Wani kuma can gefe ya na shafa cikin sa, ya na tambaya wai shin wane irin magani mutanen nan su ke sha ne? A ɓangaren 'yan mata ma zancen ke nan, sai dai su burin su daban ne. So su ke su ciko, su yi ɓul-ɓul, fata ta riƙa sheƙi kamar ta jarumar da su ka kalla daren jiya.

Wannan tambaya ta "wane magani su ke sha" ita ce ta sa filin namu na wannan wata ya nufi ƙasar Gobir. Dalili kuwa, amsar ta fi kusa da ɗan Burkusuma fiye da ɗan Zoo Road a Kano, ko da ya ke shi ɗan Burkusuman bai sani ba. Abin da ke gina jiki ya na cikin rumbun gidan su da bayan dangar su, shi kuma ya na can ya na hangen kantar kemis.

ABIN DA ALLO YA KOYA WA 'YAN KALLO

Kafin a ga laifin yaro, sai a fara duba malamin sa. Tun daga zamanin kaset, lokacin su Sangaya da Wasila, har zuwa yau da a ke tura finafinai masu dogon zango a waya, akwai wani darasi da fim ɗin Hausa ke maimaitawa ba tare da an rubuta shi a labari ba. In za a nuna mai kuɗi, to sai an nemo mai tumbi, an zaunar da shi a gaban tebur cike da soyayyun kaji da lemon kwali da soyayyen dankali. In kuwa an ga ƙwaryar fura ko akushin tuwo, to an shiga ƙauye ke nan, kuma a shirya dariya, don yanzu wani zai shigo da yagaggiyar hula ya yi shirme. Budurwar birni cokali mai yatsu a ke ba ta. 'Yar ƙauye ita ce mai tallar zogale.

Ba wanda ya ce daraktoci da gangan su ke yi. Amma yaron da ya shekara goma ya na kallon haka, dole wani abu ya zauna masa a rai: wato fura alamar talauci ce, lemon kwalba alamar wayewa, tumbi kuma shaidar an samu duniya. Shi ya sa ranar da ya fara riƙe 'yan kuɗin sa, abin da ya ke fara yi shi ne ya raba gari da abincin gidan su.

DARASIN DA KE CIKIN 'DANGAL'

To ga wani abu da masu son finafinan Indiya su ka kalla amma ƙila bai tsaya masu a rai ba. A 2016 Aamir Khan ya fito a fim ɗin Dangal, labarin Mahavir Singh Phogat, wani ɗan kokawa na jihar Haryana wanda ya horar da 'ya'yan sa mata, Geeta da Babita. Labarin gaske ne, domin Geeta ta ci lambar zinare a wasannin ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. A tuna yadda uban ya yi da su a cikin fim ɗin. Ƙarfe biyar na asuba ya ke tada su. Gudu su ke yi a tsakanin gonaki. Filin kokawar ma a gona aka share shi. Ya hana su kayan soye-soye na kwaɗayi, ya dage masu da madara, da ya ga jikin na buƙatar ƙari sai ya je ya roƙi mai sayar da kaji ya rage masa farashi. Ba a ga kwalbar magani ko ɗaya ba.

Shi kan sa Aamir Khan sai da ya kai kimanin kilo 97 don ya fito a matsayin tsoho mai tumbi, sannan ya zubar da fiye da kilo 25 cikin kamar wata 5 don ya dawo saurayi ɗan kokawa. Amma fa mai karatu ya lura: ya yi hakan ne da masu horarwa da masana abinci a kan sa, kuma sana'ar sa ke nan, biyan sa a ke yi. Haka Shah Rukh Khan da ya fito da cikin nan mai layi-layi a Om Shanti Om a 2007, da Salman Khan a Sultan a 2016. Watanni su ke yi su na shiri saboda 'yan mintoci a gaban kamara, ga fitila, ga mai da a ke shafa masu, ga gyaran hoto. Wanda ya ce zai kamo wannan cikin sati biyu da ƙwaya, wallahi asibiti ya ke nema.

Bagobiri kuwa bai kamata a ce sai Indiya ta koya masa wannan ba. Ƙasar kokawa ce. Tsallaken iyaka kaɗan, a Nijar, tun 1975 a ke gasar takobi ta ƙasa, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin a Tawa, wato Kantu, ɗan Maraɗi ne. A wannan zamani Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi sau da dama. A fagen dambe kuma har gobe a na tuna Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Duk ƙartin nan da gero da nono da wake da aikin gona aka gina su.

ME KE CIKIN ƘWARYAR?

Gero, wanda shi ne uban abinci a Sabon Birni da Isa, ba ƙaramin hatsi ba ne. A kowane giram 100 akwai furotin wajen giram 11, ga sinadarin ayon mai ƙara jini fiye da abin da ke cikin farar shinkafa nesa ba kusa ba, ga dusa mai sa ciki ya daɗe bai nemi wani abu ba, ta kuma hana suga hauhawa a jini farat ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da dangogin sa, kuma ƙasar da ta kai wannan shawara ita ce Indiya, ƙasar su Salman ɗin dai. Can manyan birane masu kuɗi ke bin sa a kanti da tsada, nan kuma yaro na jin kunyar a gan shi da gumba.

Wake shi ne naman talaka, kuma ba wasa a cikin wannan magana, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar sa furotin ne. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman sa. In aka haɗa hatsi da wake a kwano ɗaya, abin da wannan ya rasa wancan ya na cike shi, shi ya sa shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko tuwo da miyar wake su ka fi tuwo da miya tsurara gina jiki. Gyaɗa da ƙuliƙuli su ma haka. Nono na ba da furotin da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Saboda haka fura da nono, ko hura kamar yadda Gobirawa ke faɗi, cikakken abinci ce: ga hatsi, ga madara, ga citta da kanumfari.

Sai ganye. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuka, lalo, alayyafo. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da albasa da tumatir, in da a wani babban otal aka zuba shi a faranti aka raɗa masa sunan Turanci, da kuɗin sa ya sayi tiyar gero. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Ba dole sai tuffa da inabi ba. Akwai mangwaro da bazara, kankana da karas da rani, gwaiba, ga na daji irin su magarya, kanya, ɗinya, goriba, aduwa da garin kwalba na kuka, wanda ke cike da bitamin C. Wannan bitamin ɗin shi ke taimaka wa jiki ya zuƙi ayon ɗin da ke cikin gero da wake, don haka ɗan matsa lemon tsami a kan kwaɗo ko wake ba ƙawa ba ce kawai. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi, gara a bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin sa da abinci, musamman 'yan mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu.

Ga kifin gulbin Rima, tarwaɗa da karfasa, ga ƙwan zabi da damina. Wanda bai samu tsire ba, bai yi asarar komai ba in ya samu waɗannan.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada kuma a ce filin nan ya zo yi wa ƙauye kirari ne kawai. Abincin gida ma akwai inda a ke kuskure a cikin sa, kuma wuri huɗu ne.

Na farko, tuwo ya yi wa miya yawa. A kan tara malmala uku a kan 'yar miya da ba ta da komai sai kuka da gishiri. Wanda ya wuni ya na huɗa ko ɗaukar kaya, jikin sa zai ƙone wannan tuwon. Wanda ya wuni a zaune a shago, a ciki zai taru. Ma'auni mai sauƙi ga mai zaman wuri ɗaya shi ne ya raba kwanon sa gida huɗu: biyu ganye da miya, ɗaya tuwo ko shinkafa, ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Manomi ya ƙara tuwo, amma kada ya rage sauran.

Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye a cikin burodi da yaji da dunƙule. Shi dunƙulen nan kusan rabin sa gishiri ne. Uwargida ta jefa huɗu a tukunya, ta ƙara gishiri, sannan mai ci ya barbaɗa yaji mai ɗauke da wani dunƙulen. Hanyar hawan jini ke nan, shi kuma hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta sun isa su ba miya ɗanɗano in aka rage dunƙule zuwa rabi. Sati biyu harshe zai saba.

Na uku, sukari. Ƙa'idar ita ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo guda ɗaya na ɗauke da wajen cokali 9. A haɗa da cokali huɗu da mai shayi ya zuba da safe, da wanda aka sa a fura da rana, da zoɓo mai zaƙi da yamma, a ga inda lissafi ya tsaya. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Fura dai ba ta yi laifi ba, hannun da ke zuba mata sukari shi ne mai laifi.

Na huɗu, tsafta. Madarar da ba a tafasa ba kafin a yi nono na iya ɗauko cutar da ke jikin saniya, har da tarin fuka. Ruwan da aka dama fura da shi in ba mai kyau ba ne, da damina amai da gudawa ke biyo baya. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kuma a zubar da ita, domin dafin da ke cikin ta hanta ya ke ci, kuma wuta ba ta kashe shi.

RANAR DA ƊAN ƘAUYE YA SHIGA BIRNI

A ɗauki misalin saurayin da ya tashi a Burkusuma. A gida kafin rana ta take ya yi tafiyar kilomita da dama, ya ja guga, ya yi noma, ya ɗauko itace. Bai taɓa jin kalmar motsa jiki ba, amma jikin sa kamar an sassaƙa. Sai ya tafi ci-rani Sakkwato ko Kano ko Legas, ya samu babur ya na acaɓa, ko aka ba shi tsaron shago. Yanzu awa goma ya na zaune. Karin safe burodi da shayi mai kauri, rana shinkafa da mai da yaji da lemo mai sanyi, dare taliyar leda biyu da ƙwai a wurin mai shayi, ya juye duk garin ɗanɗanon da ke ciki, ya kwanta ya na kallon fim har ƙarfe biyu.

Shekara uku in ya dawo gida da Sallah, ciki ya fito, wuya ya yi kauri, sai a riƙa cewa, "Kai, wane ya samu duniya!" Alhali dai abin da ya samu shi ne somin-taɓin ciwon suga da hawan jini. Aiki ya ragu, abinci ya ƙaru, kuma ya koma mai maiƙo da zaƙi. Nan ne haɗarin ya ke.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. Mutum ya samu igiya ya auna tsawon sa daga kai zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikin sa da ita daidai saman cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya ƙi haɗuwa, to kitsen ciki ya fara yawa, lokacin gyara ya yi. Haka kuma duk wanda ya haura shekara 18 ya riƙa leƙawa asibiti a auna masa jini ko da sau ɗaya a shekara. In awo ya na kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, magana ta koma hannun likita.

'SHA-KA-FASHE' DA 'YAN'UWAN SA

Yanzu sai magana da 'yan mata, kuma magana ce mai nauyi. Ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda a ke saye a kemis ko a tiren masu talla don a yi ƙiba kafin biki, yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci, ko kuma dezametazon, wanda sitiroyid ne da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, na ɗan lokaci, da lissafi. Ƙibar da ya ke kawowa ta ruwa ce da kitse. Fuska ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa. A ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na lalacewa, garkuwar jiki na faɗuwa, al'ada na rikicewa. Wani abin tsoron shi ne, wadda ta daɗe ta na sha in ta daina rana ɗaya jiki na iya rushewa. Saboda haka duk wadda ta riga ta shiga, kada ta ji kunya, ta je wurin likita ya janye ta a hankali.

Budurwar da ke son ta ciko ta hanyar lafiya, ta ci sau uku ba tsallake, ta ƙara fura da nono tsakanin abinci, da gyaɗa, da wake, da ƙwai, da awara, ta samu isasshen barci. In ramar ta yi yawa ba dalili, a duba tsutsar ciki ko wata cuta. Kuma a sani, wata haka Allah ya yi ta siririya, ba ciwo ba ne.

Samari su ma su na da nasu. Akwai masu haɗiyar tiramol wai don su yi aikin mutum uku a gona ko wurin lodi. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar kawai ta ke ɓoyewa, jiki na ci gaba da lalacewa, ƙarshen ta farfaɗiya da jaraba. An ga yadda kodin ya yi da matasan Arewa kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a watan Mayu na 2018. Haka shayin rage tumbi da a ke tallar sa a intanet, mafi yawa zawo kawai ya ke sa wa, ruwan jiki ya tafi, kitse na nan daram.

MOTSA JIKI A INDA BABU KWANCIYAR HANKALI

Duk wanda zai yi wa mutanen Sabon Birni da Isa wa'azin abinci da gudu, in bai faɗi halin da su ke ciki ba, ya yi rashin kunya. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumba ta 2021 aka kai hari sansanin jami'an tsaro a Burkusuma kan ta, a watan ne kuma aka katse layin waya a yankin. Dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Gonaki da yawa sun zauna ba a noma ba, wasu sai da aka biya haraji kafin a shiga, shanun da ke ba da nono an kore su. Gidaje da dama ba zaɓen abinci su ke yi ba, neman sa su ke yi. Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa, amin.

A irin wannan hali ne ma sanin abinci ya fi amfani, domin ɗan kuɗin da ke hannu bai kamata ya tafi a lemo da biskit ba. Kuɗin kwalba biyu ya sayi gwangwanin wake. Bishiyar zogale biyu a bayan ɗaki, da ruwan wanke-wanke kawai za su rayu. Matashin da ke da ƙanne ƙanana ya sani cewa su tamowa ta fi kamawa. Jariri nonon uwa zalla har wata 6. Bayan nan akwai kunun haɗi da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya sama-sama, a niƙa, a riƙa damawa. Yaron da ƙafafun sa su ka kumbura ko ya rame ƙwarai, asibiti za a kai shi ba tare da jira ba.

Batun motsa jiki kuma, ba wanda zai ce wa yaro ya fita gudu bayan gari da asuba a inda hanya ba ta da aminci. Abin da a ke buƙata bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato minti 30 a rana sau biyar ya wadatar a matsayin farko. 'Yan ƙasa da shekara 18 kuma awa ɗaya kullum. Sannan kwana biyu a mako a yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Duk wannan zai yiwu a tsakar gida. Tsallen igiya minti goma ya isa ya jiƙa riga. A yi tashi-zauna sau 15, a huta, a sake har zagaye uku. A kifa a kan tafin hannu a riƙa dannawa ƙasa a na tasowa, a fara da biyar, a riƙa ƙarawa duk mako. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyin ta kimanin kilo 25 ne, ta isa ƙarfen ɗagawa, amma a durƙusa da gwiwa wajen ɗauka, kada a sunkuya da baya. Ga ƙwallo a filin makaranta, ga langa, ga kokawar dandali bayan kaka.

Mata kuma kada a raina daka. Wadda ta surfa tiya biyu a turmi ta yi abin da matan birni ke biyan kuɗi su yi a gidan motsa jiki. Injin niƙa ya sauƙaƙa rayuwa, ba a ƙi ba, amma wadda inji da famfo su ka ɗauke wa aiki sai ta nemi madadi: igiya, zagayen tsakar gida da sauri, gaɗa da ƙawaye. Ko rawar fim ɗin da a ke kallo a waya, in aka rufe ɗaki aka bi ta minti ashirin, ta biya. Wanda ya ga yadda su Adam A. Zango da Sani Danja su ka yi tashe da rawa ya san ba aikin raggo ba ne.

A kula da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato na haura digiri 40. A yi motsa jiki da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Fitsari in ya yi ja, jiki na neman ruwa ne. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya nan take ya nemi likita. Jarumin kudancin Indiya Puneeth Rajkumar, wanda kowa ya sani da motsa jiki, bugun zuciya ne ya ɗauke shi a Oktoba ta 2021 ya na da shekara 46. Kyan jiki a ido ba ya hana a je awo.

SU MA 'YAN INDUSTIRI

Wannan magana ta shafi 'yan fim kan su, ƙila ma fiye da 'yan kallo. Kowa ya san rayuwar lokeshin: a wuni a na jiran a haɗa fitila, abinci ya zo a makare, shinkafa ce da mai da lemo, a kai tsakar dare a na ɗauka, gobe a kama hanyar wani gari. Shekara ashirin a haka ba ƙaramin bashi ba ne a kan jiki. Industiri ta yi rashin Rabilu Musa Ibro a Disamba ta 2014 bayan fama da ciwon ƙoda, ta yi rashin Sani Garba S.K. a Disamba ta 2021 bayan doguwar jinya da ta haɗa da ciwon suga. Allah ya jiƙan su da rahama. Ajali na Allah ne, kuma ba wanda ya isa ya ce ga abin da ya jawo masu ciwo. Amma rashin su ya isa ya tuna wa na baya cewa waɗannan cututtuka na nan a cikin gida, kuma in aka gano su da wuri a na iya zama da su shekaru masu yawa.

Furodusan da ya iya biyan kuɗin hayar gida da mota, zai iya sa wa a kawo wake da ganye da ruwa a lokeshin maimakon katan ɗin lemo. Ƙungiyoyin 'yan fim kuma ba abin da zai gagare su in su ka kira ma'aikatan lafiya su auna 'ya'yan su jini da suga ko da sau biyu a shekara. Sannan ga roƙo ga marubuta da daraktoci: ko sau ɗaya a nuna jarumi mai kuɗi, mai ilimi, ya dawo daga ofis ya ce a kawo masa fura ba sukari da kwaɗon zogale, ba tare da an mai da abin na dariya ba. A nuna jaruma ta na tsallen igiya a tsakar gida. Yadda 'yan kallo su ka kwaikwayi ɗinki da ɗaurin ɗankwali daga fim, haka za su kwaikwayi wannan.

Shi kuma saurayin nan na rumfar caji mai tambayar wane magani Salman Khan ke sha, a gaya masa ya koma gida ya duba abin da inna ta dama, ya ce kada a sa sukari da yawa, ya ƙara da wake da ganye, gobe da safe ya nemi igiya. In ya riƙe haka wata uku, shi da kan sa zai ga bambanci a rigar sa.

Sai a fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai.